Bugu Uku a Nakkasa

Mu bakwai ne masu kaɗawa, ƙararrawa kuma goma sha uku. Kowacce tana riƙe da biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, sai ni da ke riƙe da guda ɗaya, babbar cikinsu, don sai da hannu biyu take ɗaguwa.

Abla Nora ce ta kawo su. Haka yaran makarantar da take koyarwa a unguwar Shisha suke kiranta, mu ma muka ɗauka. A Makka aka haife ta, kakanta ne ya zo hajji daga Sakkwato bai koma ba, shi ya sa Hausarta rabi Larabci ce. Da makarantar za ta canja gini aka ce a zubar da tarkace, sai ta kwaso ƙararrawar a kwali ta hawo da su tudunmu na Nakkasa, a nan cikin Makka. Kowacce da muryarta. In aka kaɗa ɗaya ita kaɗai ba ta cewa komai, amma in kowa ta shigo a lokacinta sai waƙa ta fito. Abla Nora ba ta riƙe ko ɗaya. Gabanmu take tsayawa, hannunta ne ke nuna wa kowa lokacin shiga da lokacin tsayawa.

Muna zuwa bikin mata da suna a ɗakunan taro, inda babu namiji ko ɗaya. Muna kuma da masu tsaya mana. Mukhtaru mai tasi shi ke kai mu ya dawo da mu, yana tsokanarmu wai ya ɗauko garken awaki. Maryama mai ƙosai, wadda ke suya a tsakiyar matakala, tana aiko mana da ƙosai mai zafi duk ranar gwaji. Inna Hajara, ƙanwar mahaifiyata wadda nake zaune a wurinta, ita ta ba mu ɗakinta da ke can saman tudu. Gwiwoyinta sun daina hawa da sauka, don haka ni ke ɗauko mata ruwa da tukunyar gas, ita kuma in muna gwaji sai ta zauna a kan katifa tana gyaɗa kai.

A ƙarshen shekarar 2013 aka tsananta kamen waɗanda iƙamarsu, wato takardar zama a ƙasar, ta ƙare. Maza da yawa suka daina fita aiki. Dattawan tudu suka rataye wani guntun bututun ƙarfe a gindin matakala, suka ce duk wanda ya hango motocin masu kame ya buga shi sau uku, a rarrabe. Suka kuma yanke cewa duk wanda ya buga na ƙarya, mace ko namiji, zai bar tudun a ranar. Baba Isa, wani tsoho da ya daina aikin gini, shi ke wuni a kusa da bututun.

Inna Hajara ce ta fara lura cewa muryar ƙararrawata da ta bututun kusan ɗaya ce. Tun daga nan muke rufe taga, mu rataya bargo, mu kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya yi ta gurnani. Abla Nora kuma ta sake tsara waƙoƙin yadda tawa ba za ta taɓa fita ita kaɗai ba, sai a ƙarƙashin na sauran.

Ran nan Alhamis ce, bayan la'asar. Mukayyif ya yi tari ya mutu. Muka ci gaba cikin zufa har Khadijatu, ɗaya daga cikinmu, ta ce numfashinta na sama.

Yaya Zinariya ta ce, "Ni dai ba zan dahu a ɗakin nan ba. 'Ya'yana biyu, wa zan bar wa?"

"Zinariya, bar shubbak ɗin nan," in ji Abla Nora, ganin ta nufi taga.

"Minti ɗaya, Abla. Iska kawai zan sha, ba wa'azi zan yi wa unguwa ba."

Ta janye bargon, ta tura tagar, ta tsaya a bakinta da ƙararrawarta biyu a hannu. Yaya Zinariya ta girme ni da shekara goma. Mijinta ya rasu a wurin aiki, iƙamarta ta mutu tare da tasa, tudun nan ne kaɗai wurin da take iya ɓuya da yaranta. Baki gare ta, kowa na tsoronsa, amma ita ce ta fara jawo hannuna cikin ƙungiyar lokacin da nake laɓewa a bayan labule ina saurare.

Abla Nora ta ce a ɗauko daga amshi. Muka ɗauko. A wurin nan ni ke buga uku a hankali, sauran suna gudu a kaina. Ni ba na iya kallon fuskar mutum in yana kallona. Tun da na shiga, ƙasa nake kallo, ina ƙirga lokaci da babban yatsan ƙafata, kuma ban taɓa kuskure ba, shi ya sa Abla Nora ta gaji da yi mini faɗa ta ƙyale ni. Ashe Khadijatu ta shigo ba a lokacinta ba, Abla Nora ta ɗaga hannu, kowa ta tsaya. Ni ban ga hannun ba.

Na buga ɗaya. Na buga biyu. Na buga uku.

Sai da ta ukun ta fita ta tagar na ji cewa ni kaɗai ce.

Daga ƙasa muka ji an banko ƙofa, sai wata, sai gaba ɗaya tudun ya ɗauka. Muka taru a taga. Matakalar Nakkasa ba ta ɗaukar mutum uku a jere, amma mutane sun fi hamsin a kanta, wasu na hawa wasu na sauka. Na ga wani ya ture wata mata da goyo ta daki bango, ya taka mata hannu ya wuce. Na ga an bi ta kan murhun Maryama, kaskon ya kife, man ya sauka a ƙafafunta. Ihun da ta yi har yau in na ji ƙamshin ƙosai sai ya dawo mini. Ta faɗi tana birgima, mutane na tsallake ta.

Maza suka bi ta saman gidaje. Lurwanu, wani magini da ke zaune ƙasa da mu kaɗan, ya yi tsalle daga rufinsu zuwa na maƙwabta. Rufin katako ne da kwano, ya ɓurma da shi. Muka ji ƙarar faɗuwarsa a kan siminti. Da aka jawo shi waje, ƙafarsa ta dama ta juya baya, ƙashi ya huda fata ya fito fari, jini na bin matakala.

Ba a fi minti goma ba aka gane babu mota ko ɗaya. Baba Isa ya yi ta ɗaga sandarsa yana rantsuwa cewa babu wanda ya taɓa bututu. Sai wata mata a rufin da ke fuskantarmu ta miƙa hannu ta nuna tagarmu.

"Daga can ta fito. Na ga Zinariya da idona, da ƙararrawa a hannunta."

Inna Hajara ta fizgo ni daga taga, ta ƙwace babbar ƙararrawar ta tura ƙarƙashin katifa. Ta matse mini hannu har faratanta suka shiga.

"Ki kama bakinki, Rahama. Kin ji ni?"

Abla Nora ta ce, "Ismu'u, ku saurara. Mu duka muka kaɗa. Duk wanda ya tambaya, mu duka ne."

Ba ta rufe baki ba aka daki ƙofar da ƙafa. Sabitu ne, wan Lurwanu, rigarsa jina-jina da jinin ƙaninsa, da guntun rodi a hannu. Bai yi sallama ba. Wasu maza uku suka tsaya a bakin ƙofa ba su shigo ba.

"Ina take?"

"Ya akhi, ɗakin mata ne wannan," in ji Abla Nora. "Ka fita mu yi magana."

"Ke 'yar ƙasa ce, yi gefe. In an yi kame gida za ki je ki sha shayi."

Ya ture ta ta faɗa kan kwalin. Ya kamo Yaya Zinariya ta mayafi, ya jawo ta tsakiyar ɗaki, ya mare ta da bayan hannu. Ta faɗi, ta miƙe.

"Ni ban buga ba, Sabitu."

"To wa ya buga?"

"Ban buga ba, kuma ba zan nuna maka kowa ba. Ka je ka kula da ƙaninka."

Ya naushe ta a baki. Na ji ƙarar haƙori. Ta durƙusa tana tofar da jini a kan tabarma, ya ƙara mata da ƙafa a haƙarƙari, sau biyu. Khadijatu ta rungume ƙafarsa, ya shure ta. Daga nan ya juya kan ƙararrawar da suka zube, ya dinga sauke musu rodi. Ƙananan suka lotse, mariƙinsu na katako ya tarwatse, wani guntu ya yanki Abla Nora a kumatu.

Ni ina tsaye a lungu. Na san ni ce, amma ban faɗa ba. Yaya Zinariya ta ɗago kai daga ƙasa ta kalle ni. Na mayar da idona kan tabarma.

Sai da Mukhtaru ya hawo da gudu ya riƙe Sabitu ta baya, mazan bakin ƙofa suka taya shi, sannan aka fitar da shi. Yana fita yana cewa gobe bayan Juma'a za a yi hukunci, kuma in dattawa ba su kore ta ba shi zai jefa kayanta ƙasa da hannunsa.

Mukhtaru ya kai Maryama asibiti, ita iƙamarta na da rai. Lurwanu ya ƙi zuwa. Ya ce in ya shiga asibiti daga can sai jirgi. Aka nemo wani mai ɗori daga unguwar Kudai. Har saman tudu muna jin kururuwarsa lokacin da ake jan ƙafar.

Da safe na kai wa Inna ruwan alwala na zauna a gefenta.

"Inna, korarta za su yi."

"Ita ta buɗe taga."

"Ni na buga."

"Da ba ta buɗe ba wa zai ji?" Ta ɗaure ɗankwalinta ba ta kalle ni ba. "Zinariya ta san gari, za ta samu inda za ta raɓa. Ke in kika sauka, wa zai hawo mini da ruwa? Uwarki amana ta ba ni. In ce mata me?"

Amma na san Yaya Zinariya ba ta da inda za ta raɓa. In ta sauka tudun nan da yara biyu babu takarda, ba za ta kwana uku ba a kama ta ba. Ni kuwa ina da iƙama, ina sharar wani gini a Kudai, katina na cikin jakata. Ba abin da zai same ni a ƙasa sai kunya da rashin ɗaki.

Bayan an sauko daga Juma'a aka taru a ɗan filin da ke gindin matakala, kusa da bututun. Maza a gaba, mata a baya ta jikin bango. Inna ta hana ni fita, na ce zan je ɗebo ruwa. Na ɗaga katifa na ɗauki babbar ƙararrawar, na cusa tsumma a cikinta don kada ta yi ƙara, na rufe ta da abayata na sauka.

Yaya Zinariya na tsaye a gaban dattawa. Leɓenta ya kumbura ya rufe rabin bakinta, tana dafe da haƙarƙari. Yaranta na riƙe da gefen abayarta. Abla Nora ta dawo daga Shisha da filasta a kumatu, tana ta magana.

"Ya ammi, Baba, ba da gangan ba ne. Mu duka ne, wallahi. Ku hana mu kaɗawa, khalas, shi ke nan, mun bari."

Baba Isa ya ce, "'Yata, ba mutum bakwai ne suka buga uku ba. Hannu ɗaya ne. Mun yanke magana tun farko, in muka sassauta yau, gobe in an buga na gaske babu mai gudu." Ya juya. "Zinariya, ke aka gani. Kina da ta cewa?"

"Na ce ban buga ba, Baba."

"Wa ya buga?"

"Ku tambayi mai ido a rufi, tunda ta iya gani."

Wasu mata suka yi guntuwar dariya. Sabitu ya yunƙuro, aka riƙe shi. Baba Isa ya girgiza kai.

"To kafin magariba ki tattara kayanki."

Ban san lokacin da na ratsa matan ba. Na dai tsinci kaina a tsakiyar fili, idanu a kaina ta ko'ina. Na buɗe baki, abin da ya fito ko ni ban ji shi ba.

"Me ta ce?" in ji Baba Isa. "'Yar gidan Hajara ce ko? Ɗaga murya, yarinya."

Na kasa. Sai na fito da ƙararrawar daga cikin abaya na ajiye ta a gabansa.

"Tawa ce," na ce. "Na Yaya Zinariya ƙanana ne, ba sa irin wannan muryar. Baba, ka ƙwanƙwasa ta a hankali ka ji."

Ya sunkuya ya zare tsumman, ya taɓa gefenta da kan sandarsa. Ƙarar ba ta wuce filin ba, amma na ga mutum biyu sun waiwaya wajen titi.

"Ke kika buga?"

"Ni ce. Abla ta ce a tsaya, ban gani ba. Ƙasa nake kallo."

"Jiya kina ina da ake dukan wannan?"

"Ina ɗakin."

"Kina kallo?"

"Ina kallo."

Sabitu ya fizge daga hannun masu riƙe shi. Na ga tahowarsa, ban gudu ba. Marin farko ya juyar da ni, kunnena ya toshe. Na faɗi a kan gwiwa, na dafa ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauki ƙararrawar ta mariƙi, ya ɗaga ta sama ya sauke a kan hannuna na dama. Bakin ƙarfen ya sami yatsu uku. Na ji sun karye kamar busasshen kara, zafin bai zo ba sai daga baya. Ya sake ɗagawa.

Yaya Zinariya ce ta faɗa masa da dukan jikinta. Suka zube tare, ta kafa masa sauran haƙoranta a damtse. Ya yi ta dukanta a baya da gwiwar hannu, ba ta saki ba sai da maza huɗu suka raba su. Baba Isa ya sauke wa Sabitu sanda a kafaɗa.

"A gabana? Ka daki wadda ba ta yi ba jiya, yau kana so ka kashe wadda ta faɗi gaskiya? Ku fitar mini da shi."

Aka ja shi yana kuka yana kiran sunan ƙaninsa.

Baba Isa ya daɗe yana kallon hannuna. Yatsun sun karkace, farcen ɗaya ya fita, jini na ɗiga a kan abayata.

"Hukunci bai canja ba," ya ce a hankali. "Sai dai mai shi. Zinariya, koma ɗakinki. Ke kuma, yarinya, ki je a duba hannun nan. Kada ki dawo tudu. Za a aiko miki da kayanki."

"Innata fa, Baba? Ba ta iya sauka."

"Ba za ta kwana da ƙishi ba muna nan."

Abla Nora ta naɗe mini hannu da mayafinta, ta ce bayan asibiti gidanta zan zauna a Shisha har a ga abin da Allah zai yi. Mukhtaru ya matso da mota bakin titi. Bai yi tsokana ba ranar. Ya buɗe ƙofar baya ya koma gefe.

Ina shirin shiga na ji an ce, "Ke."

Yaya Zinariya ce. Ta tako a hankali, dafe da gefenta, jini ya sake ɓallewa a leɓenta. Ta tsaya dab da ni. Na so in kalli ƙasa, ta sa yatsa a haɓata ta ɗago fuskata.

"Da jiya kika buɗe bakin nan, da haƙorina na nan."

"Na sani, Yaya."

"Ba ki sani ba. Sai kin zo cin nama za ki tuna ni ba na iyawa." Ta tofar da jini gefe. "Ina jarkokin Inna suke?"

"Bayan ƙofa. Shuɗiyar tana yoyo, sai an karkata ta."

"Sau nawa a rana?"

"Biyu. Gas kuma ran Talata."

"To. Ban yafe ba tukuna, kada ki je kina murna."

"To, Yaya."

"Shiga mota, kina ɓata wa bawan Allah kujera tun ba ki zauna ba."

Na shiga. Abla Nora ta zauna kusa da ni ta ɗora hannuna a cinyarta. Zafin ya iso gaba ɗaya, har haƙorana na haɗuwa. Da Mukhtaru ya juya kan mota na leƙa ta gilashi. Yaya Zinariya ta kama hannun yaranta ta fara hawa, matakala ɗaya, ta tsaya ta huta, sannan ta ƙara ɗaya.